Yaron da ba ya cin nama, ba ya son ganye: yadda aka gyara tukunyar wani gida a Kano

Gidan na ma'aikata ne. Maigida yana fita tun bakwai na safe, uwargida malamar firamare ce da ba ta dawowa sai bayan azahar, ga yara uku, ga kakarsu ta wajen uba da ke zaune tare da su. Tun da kaya suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a 2023, nama a gidan ya koma na ranar Juma'a, wani makon ma Juma'ar ta wuce babu. Manyan yaran biyu duk abin da aka zuba musu sun cinye. Damuwar tana kan autan, ɗan shekara biyar, wanda tun ana da hali ma ba cin nama yake yi ba: ya tauna, ya tauna, ya tara a kumatu, ya faki ido ya tofar. Kifi kuwa daga jin ƙarninsa ya bar wurin. Ko da kuɗi ko babu, abincin yaron nan marar nama ne, kuma dole a gama shi cikin minti ashirin zuwa talatin, don iyakar lokacin da uwar take da shi ke nan tsakanin dawowa daga aiki da shirin Islamiyya.

Abin da yake ci bai wuce a ƙirga da yatsu ba: Indomie, farar shinkafa da mai da gishiri, biredi da shayi, soyayyen dankalin turawa, waina da sukari, sai ƙosai, shi ma ɓawon waje yake ɓantara ya bar cikin. Ya ƙi duk miyar yauƙi, kuka ce, kuɓewa ce ko karkashi. Ya ƙi duk abin da aka ga kore a ciki, da albasa in ta fito fili, da wake in yana ƙwaya-ƙwaya, da duk abincin da miya ta riga ta jiƙa kafin a kawo masa.

Kafin a taɓa tukunya

An fara da asibiti, domin ba kowane ƙin cin abinci ne tsirfa ba. Tsutsar ciki, ƙarancin jini, ciwon haƙori, ciwon maƙogwaro da taurin bayan gida duk suna kashe wa yaro sha'awar abinci. Ƙarancin jini musamman ba abin wasa ba ne a nan: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna fama da shi. An auna nauyin yaron da tsawonsa, suna kan hanya. Jininsa ya ɗan yi ƙasa kaɗan, aka ba shi maganin tsutsa, aka ce a dawo bayan wata uku. Da wannan aka san cewa sauran aikin na kicin ne da na tabarmar cin abinci.

Gudun baƙon abinci abu ne da aka sani ga yara, ya fi tsanani tsakanin shekara biyu zuwa shida, kuma yawancinsu suna wuce shi. Abin da ke sa ya daɗe shi ne yadda manya suke tunkararsa.

Da aka jera abin da yake ci gefe guda, abin da ya ƙi gefe guda, sai amsa ta fito da kanta. Ƙosai wake ne, yana ci. Ashe ba waken yake gudu ba, ƙwayar da ke fashewa a baki da fatar da ke maƙalewa a harshe yake gudu. Duk abin da yake so busasshe ne ko mai ƙaras-ƙaras, launinsa ɗaya, kuma lomar farko daidai take da ta ƙarshe. Duk abin da ya ƙi jiƙaƙƙe ne, ko mai santsi, ko wanda ba a san abin da haƙori zai ci karo da shi a ciki ba. Daga nan aka ɗauki ƙa'idar da aka bi har ƙarshe: kowane sabon abinci zai shigo ne da kamannin wanda ya riga ya sani, kuma abu ɗaya tak ake canzawa a lokaci guda, ko siffa, ko launi, ko ɗanɗano.

Ina yunwar ta tafi?

An rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana uku, har da na hanya. Da safe babban kofin shayi mai madara da sukari, da yankan biredi. Lokacin tara a makaranta biskit da lemon kwali. Da an tashi, alawa ko cincin a shagon bakin layi. Kafin Islamiyya kaka ta tsiyayo masa sauran shayi daga fulas ko ta dama masa fura. Tuwon dare kuma sai bayan isha'i, lokacin yana gyangyaɗi. Yaron da ya wuni yana kurɓar ruwa mai zaƙi ba zai taɓa zama gaban kwano da yunwa ba, kuma wanda ba ya jin yunwa ba shi da dalilin gwada abin da bai sani ba.

Aka tsara ci biyar a rana, manya uku da ƙanana biyu, tsakanin kowanne awa biyu da rabi zuwa uku, ba abin da ke shiga tsakani sai ruwa. Abincin dare ya dawo kafin magariba. Zama gaban kwano ba ya wuce minti talatin; in ya ci to, in bai ci ba a ɗauke ba faɗa ba lallashi, sai lokaci na gaba. Wannan shi ne rabon aikin da wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta tsara: manya ne ke yanke me za a ci, yaushe, kuma a ina, yaro ne ke yanke ko zai ci da yawan da zai ci. Sharaɗinsa ɗaya, a kowane zama a sa abu ɗaya da aka tabbata yana ci, ko da 'yar farar shinkafa ce, don kada ya tashi haka nan.

A nan aka sha fama da kaka. "Haba! Ku bar min maigidana da yunwa? Mu a zamaninmu ɗura ake yi, yaro ya ƙoshi ya yi barcinsa." Uwar ba ta ja da ita ba. "Hajiya, ba hana shi za a yi ba, lokaci kawai za a sa masa. Na la'asar ma ke za ki riƙa ba shi da hannunki." Haka aka damƙa wa kaka ƙaramin cin la'asar: kindirmo da ayaba, ko kunun gyaɗa rabin kofi. Gidan da kaka take ciki, tsarin da bai ba ta gurbi ba ba ya kai mako. Ɗura kuwa ba a sassauta a kanta ba, domin kunu yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, kuma yaron da aka danne aka ɗura wa yana ƙara tsanar cokali ne.

Aikin ranar Asabar

Girkin minti ashirin ba ya yiwuwa sai an riga an yi mai wuyar. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, an fi jingina da busassun kaya. A duk ma'aunin da ke ƙasa, kofi na nufin mai cin mil 250, cokali kuma babban cokalin cin abinci.

Na farko garin wake. A samu farin wake mudu ɗaya, a jiƙa shi minti biyar zuwa goma kawai. In ya daɗe a ruwa ya kumbura, fatar ta manne, surfe ya yi wuya. A surfa a turmi a hankali, a wanke, a shanya har sai ƙwaya ta fashe ƙas a haƙori. In da sauran danshi aka niƙa, garin zai dunƙule ya yi wari cikin 'yan kwanaki. A raba biyu a inji: rabi a niƙa da laushi don ɗanwake da wainar fulawa, rabi a bar shi da ɗan tsaki-tsaki don ƙosai, saboda gari mai laushi sosai yana ba da ƙosai mai nauyi da tauri. A tambayi mai inji abin da ya niƙa kafin naku. In yaji ne, a fara zuba 'yar masara ta wanke injin, in ba haka ba duk garin zai ɗauki zafin barkono, yaron ya ɗanɗana sau ɗaya ya yi sallama da shi.

Na biyu jar miya marar gudaji. Manyan tumatir 8, tattasai 5 da aka cire wa 'ya'ya, albasa 2, karas 3, da yankin kabewa kamar tafin hannu biyu. A fara tafasa karas da kabewa minti goma, a haɗa da sauran a markaɗa sumul, a ɗora a buɗe har ruwan ya ƙone, wajen minti talatin zuwa arba'in. A soya ƙullin daddawa ɗaya da aka daka lukui a man gyaɗa rabin kofi, a juye markaɗen, a soya har mai ya taso sama. Zaƙin karas da kabewa yana kashe tsamin tumatir, ba sai an sa kanwa ba, kuma daddawar ce ke cike gurbin ɗanɗanon da romon nama yake bayarwa. Ba attaruhu ko ɗaya. Manya su sa yajinsu a kwanonsu. Mai firiza ya raba a ƙananan robobi, na kowace rana daban. Marar ita ya yi rabin wannan adadi, ya tafasa safe da yamma, kada ya wuce kwana biyu.

Na uku yajin yara: ƙuli-ƙuli kofi ɗaya, ɗan gishiri, 'yar citta kaɗan, a daka a tankaɗe. A sayi ƙuli a wurin da aka yarda da shi, gyaɗar kunu kuma a tsince ta, a zubar da duk wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi ko ta yi ɗaci. Irin wannan ce ke ɗauke da gubar fumfuna mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Abincin ranakun aiki

Wainar fulawa ce ta fara buɗe ƙofa, don siririya ce, gefenta yana ƙaras-ƙaras, kuma ana ɗauka da hannu. Cikakken haɗin shi ne fulawa kofi 1, garin wake rabin kofi, ƙwai 2, ruwa kofi 1 da kwata, jar miya cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma ba da rabin kofin aka fara ba; cokali biyu na garin wake aka sa a makon farko, ana ƙara cokali biyu duk mako. A dama, a bar ƙullin ya huta minti goma don garin wake ya sha ruwa, in ba haka ba za a ji shi kamar yashi a baki. Kasko ya yi zafi kafin a sa mai, ƙaramin cokali ɗaya ya isa. A zuba ludayi guda a juya kaskon ya bazu, minti biyu kowane gefe a wuta matsakaiciya. In wuta ta yi yawa waje ya ƙone ciki bai nuna ba, sai ƙarnin ɗanyen wake ya fito, kuma hancin mai tsirfa ba ya kuskuren wannan. A barbaɗa yajin ƙuli. Tana zama lafiya a kwanon makaranta har lokacin tara, ita ce ta kori biskit.

Ƙosai kuwa gyara ɗaya aka yi masa. Tunda ɓawon yake so, sai aka koma zuba shi da ƙaramin cokali, 'yan mitsi-mitsi, kusan duka ɓawo ne. Gari mai tsaki kofi 1, ruwan ɗumi kashi uku cikin huɗu na kofi, a bar shi minti ashirin zuwa talatin (uwar tana jiƙawa da shigowarta, kafin ta yi salla ta huce ya yi), sannan a buga da ludayi minti biyar har ya yi haske ya tashi. A ɗiga kaɗan a kofin ruwa. In ya taso ya bugu. Albasa a goge ta, kada a yanka. Gishiri sai dab da suya, don in ya daɗe a ciki ƙullin yana saki. Ƙosan da ya sha mai, ko man bai yi zafi ba ko an cika kaskon. Wanda ya tarwatse a mai, ruwa ne ya yi yawa, a ƙara gari cokali ɗaya a sake bugawa.

Awara ita ce ta fi kowane kusa da maye gurbin nama, don waken suya ya fi wake da gyaɗa sinadarin gina jiki. Ana iya saye a unguwa, amma ta gida ta fi, saboda ta talla sau da yawa an cika mata attaruhu da albasa a ciki. Waken suya kofi 2, a jiƙa awa shida zuwa takwas. Lokacin zafi a canza ruwan a tsakiya kada ya yi tsami. A markaɗa, a ɗiga manja cokali ɗaya a markaɗen don ya kwantar da kumfa, a ƙara ruwa a tace da ƙyalle mai tsabta. A ɗora madarar, a tsaya a kanta don tana tasowa ta zube cikin ƙiftawar ido, a bar ta ta tafasa kamar minti goma. Wannan tafasar ba a tsallake ta: ita ke kashe ƙarni da sinadaran ɗanyen waken da ke hana narkewar abinci a ciki. Sai a rage wuta a riƙa zuba ruwan tsami, na gasara da ya kwana biyu ko jiƙaƙƙiyar tsamiya, kaɗan-kaɗan a gefen tukunya. Da an ga ta dunƙule ruwan ya koma garai-garai, a tsaya. Tsami ya yi yawa, awara ta yi tauri tana marmashewa; ya yi kaɗan, ruwan ya tsaya fari kuma rabin awarar ya bi shi. A juye a ƙyalle, a ɗaure, a ɗora dutse ko turmi a kai minti talatin zuwa awa ɗaya.

Dabarar tana wurin yanka. An yanka ta dogo-dogo daidai da soyayyen dankalin da ya saba ci, aka jiƙa a ruwan gishiri minti biyar, aka soya har ta yi ja, aka sa guda biyu a gefen dankalin, aka kuma faɗa masa gaskiya cewa awara ce. Zama uku na farko ko taɓawa bai yi ba, yayyensa suka cinye. Daga baya ya fara gutsura. Da ta karɓu, sai aka shiga tsoma ta a ƙwai kafin suya, sannan aka marmasa ta a kasko ta bushe kamar niƙaƙƙen nama aka barbaɗa a kan shinkafa. Awara ba ta kwana a waje ɗanya. A soya ta ranar da aka yi, a sake ɗumamawa a kasko washegari.

Ɗanwake bai karɓu da farko ba, kuma ba abin mamaki ba ne, yana da santsi. Haɗin gidan: garin wake kofi 1, garin alabo ko fulawa kofi 1, kuka cokali 2, da ruwan 'yar kanwa da ba ta wuce girman ƙwayar wake biyu ba. A kwaɓa ya yi danƙo yadda za a iya tsinkowa da yatsu, a saka a ruwan da yake tafasa sosai, a bar murfi a ɗage don kumfa, minti goma zuwa sha biyar bayan ya taso, a tsame a ruwan sanyi. In ya narke a tukunya, ruwan bai tafasa ba, ko kwaɓin ya yi ruwa, ko kuka ta yi kaɗan. In ya yi duhu da bauri, kanwa ce ta yi yawa. Nasa kason an tsane shi a kwando, aka juya shi a kasko da mai cokali ɗaya minti uku har waje ya ɗan ƙame, aka sa yajin ƙuli da dafaffen ƙwai. A haka ya ci.

Garau-garau da dabara aka shigo da ita. Wake kofi ɗaya a jiƙa tun dare, a zubar da ruwan. Wannan yana rage lokacin dahuwa da kumburin ciki, kuma ya fi zuba kanwa, wadda ke saurin nunar da wake amma tana lalata wani ɓangare na bitamin B1. A dafa ya yi luguf, a ɗebi nasa a murƙushe da bayan cokali, a cakuɗa cokali ɗaya a farar shinkafarsa da mai. Farin wake ba ya canza launin shinkafa sosai. Bayan mako biyu aka daina murƙushewa duka, ana barin rabi-rabi.

Indomie ba a hana ba, don hana abin da yaro ya dogara da shi faɗa ne da ba a cin riba. An mai da ita sau biyu a mako, da rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, da ƙwai ɗaya, da jar miya cokali ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ma kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, yaro kuwa ƙasa da haka, kuma ledar ɗanɗano da dunƙule gishiri ne mafi yawansu. Daga nan aka gangara zuwa taliyar Hausa da mai da yajin ƙuli, wadda minti biyar ta ishe ta.

Inda aka yi tuntuɓe

A mako na biyu, ganin abu ya fara tafiya, aka zuba garin zogale cokali biyu a Indomie ba tare da an faɗa masa ba. Taliyar ta koma kore, ga bauri. Ya ture kwanon, kuma kusan mako guda ko Indomie marar komai sai ya tona ta da cokali yana bincike kafin ya ci. Ɓoye kayan lambu a abinci yana da amfaninsa, jar miyar nan ma ai ɓoyo ce, amma yana da iyaka biyu. Ba ya koya wa yaro cin karas, don bai san ya ci ba. In kuma ya kama ku, abincin da ya yarda da shi ma ya shiga zargi. Saboda haka abin da zai canza launi ko ɗanɗano a fili ba a ɓoye shi, a gefe ake sa shi.

Tuntuɓe na biyu daga uban ya zo: "In ka cinye zan saya maka alawa." Dabarar tana aiki a daren, amma abin da yaro ke koya shi ne alawa ce abin so, abinci kuma wahalar da ake sha kafin a kai gare ta. An bar wannan, tare da "dubi yayanka ya cinye nasa".

Ganye an bi shi da haƙuri. Ana sa ɗan kaɗan, abin da bai wuce ƙaramin cokali ba, a wani ɗan faranti daban don kada ya taɓa abincinsa, kowa yana cin irinsa a gabansa, ba wanda ya ce masa ci. Masu nazarin cin abincin yara sun nuna sau da yawa sai an gabatar da abu sau takwas zuwa goma sha biyar kafin ya karɓu, alhali yawancin iyaye daga na uku sun yanke hukunci cewa ba ya so. Ɗanyen karas da kokwamba da aka yanka siri-siri sun riga dafaffu shiga, saboda ƙaras-ƙaras ɗinsu. An kuma sa shi aiki: tsinke zogale daga itacensa, wanke tumatir, barbaɗa yaji.

Zogalen ya shiga ne ta dambu, don dambu busasshe ne, wara-wara. Ɓarzajjiyar shinkafa kofi 2, a wanke a tsane, a turara a madambaci minti goma sha biyar, a sauke a yayyafa ruwa kaɗan, a haɗa da zogalen da aka tafasa minti biyar aka matse, da gogaggiyar albasa, dakakkiyar gyaɗa, gishiri da mai cokali huɗu, a mayar minti goma sha biyar. Nasa kason ana ɗebewa kafin a zuba ganyen da yawa, a sa masa tsunkule ɗaya da aka yanka ƙanana sosai. Dambun da ya caɓe, ba a tsane tsakin da kyau ba ne, ko ruwan ƙasa yana taɓa shi.

Shin abincin ya wadatar?

Tsoron da aka fi yi shi ne na sinadarin gina jiki, kuma shi ne mafi sauƙin cikewa. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa takwas yana buƙatar kimanin giram 19 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan 6, kofin kindirmo kusan 8, rabin kofin dafaffen wake 6 zuwa 7. An riga an wuce, ba a ma ƙirga shinkafa, ƙuli da awara ba.

Inda ake sa ido shi ne sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wanda ke cikin wake da ganye jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama. Bitamin C yana taimaka masa, shayi yana tare shi. Don haka aka raba shayi da abinci, aka mai da shi ƙaramin kofi, ana kuma bin abincin wake da yankan lemon zaƙi, gwaiba, gwanda ko mangwaro, duk wanda ake yayi. Garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono shi ma yana da bitamin C sosai. Madara da nono kada su wuce kofi biyu a rana, don fiye da haka suna toshe ciki kuma ba su da ƙarfen. Maganin ƙarin jini ba a saye shi a kemis haka kawai, balle ga yaro mai sikila; sai likita ya auna ya rubuta.

Bitamin B12 ba a samunsa a wake, gyaɗa ko ganye. Muddin yaro yana cin ƙwai yana shan nono kusan kullum, to akwai inda yake samu. Gidan da ya bar har ƙwai da nono dole ya nemi shawarar likita kan ƙarin magani. Nonon kuma ya zama wanda aka tafasa madararsa kafin a ɗaura, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da cuta daga saniya. Bitamin A yana zuwa daga karas, kabewa, manja da mangwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa 'yan shekara 2 zuwa 5 aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Ayaba ɗaya, lemo ɗaya da 'yan cokulan jar miya sun kai yaro kusa da nan.

Akwai alamun da ke nuna lamarin ya fi ƙarfin kicin: yaro yana ramewa ko nauyinsa ya tsaya, yana kakarin amai ko shaƙewa da abinci, jerin abin da yake ci yana raguwa maimakon ƙaruwa, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko yana cin ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya isa a koma asibiti ba tare da jiran wata ukun ba.

Bayan kamar wata biyu, yaron yana cin wainar fulawa mai cikakken rabin kofin wake, ƙosai har cikinsa, awara iri biyu, soyayyen ɗanwake, garau-garau, ɗanyen karas da dambu mai ɗan zogale. Miyar yauƙi har yanzu ko kallo ba ta ishe shi ba, nama ma haka, kuma ba wanda ke bin sa da su. Abin da ke gaba shi ne miyar taushe, tunda kabewa da gyaɗa ce, kuma duka biyun sun riga sun shiga bakinsa ta wata hanya. Za a yi tasa da kauri, a markaɗe ta sumul, ba alayyahu ba yakuwa a karon farko, a zuba cokali biyu a ɗan kwano daban kusa da wainarsa, ya dangwala da kansa in ya ga dama. Ranar da ya fara dangwalawa za a rage sukarin wainar zuwa rabi, alayyahu kuma sai miyar ta yi mako biyu tana karɓuwa.